Gaisuwar da Ta Kayar da Ni

Sau biyu na faɗi jarrabawar samun lasisin aikin lafiya, kuma duk wanda ya ce maka rashin karatu ne ya kayar da ni, ka ce masa ya zo ya same ni. Karatu kam na yi shi har idanuna suka fara ruwa. Gaisuwa ce ta kayar da ni, gaisuwar nan tamu ta ina kwana da ina gajiya, wadda na gada a wurin mahaifina kamar yadda na gaji tsawonsa da faɗin ƙafarsa.

Dole in fara da Baba, domin in ba ka san shi ba, ba za ka gane labarin ba. A Daudawa, garinmu da ke ƙasar Faskari, babu wanda ya kama ƙafarsa a tsawon gaisuwa. Manomi ne na masara da auduga, yana kuma ɗan taɓa kiwon tumaki. Idan ya tare ka a hanya, zai fara da kwananka, ya gangaro kan gajiya, ya shiga gidanka ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya fito ya tambayi gona da ruwa da taki, ya leƙa garke ya tambayi dabbobi, sannan ya dafa ƙirji ya ce, "To madalla. Ina gajiya kuma?" Matan unguwarmu sukan ce in kin hango shi tafe kina da tukunya a wuta, ki fara sauke ta. Akwai ranar da ya kai rago kasuwar Yankara ya dawo da abinsa. Da Inna, mahaifiyata, ta tambaye shi dalili, sai ya ce ai kasuwa ta tashi bai gama gaisawa da jama'a ba. Shi bai ga abin dariya a ciki ba, har yau kuma bai gani ba.

A 'yan shekarun nan ma gaisuwa ta ƙara tsawo, ba tasa kaɗai ba, ta kowa da kowa. Tun da hanyoyinmu suka daina biyuwa da kwanciyar hankali, sai ka tambayi mutum yadda ya baro hanya, ka tambayi danginsa da suka taso daga ƙauye, ka tambayi wanda aka kwana biyu ba a ji ɗuriyarsa ba. A cikin gaisuwa muke sanin wa ke nan, wa ba ya nan. Saboda haka ban taɓa ɗaukarta ɓata lokaci ba.

Ni kuma da na gama makarantar koyon aikin lafiya, sai na dawo ƙaramin asibitin garinmu ina aiki a ƙarƙashin wata Hajiya, wadda ita ce shugabar wurin. Mutanen gari suna ce mini Likita, ina amsawa da fara'a, amma ni na san takardar da za ta ba ni ikon yin aikin da kaina ba ta zo hannuna ba tukuna.

Jarrabawar kashi biyu ce. Akwai ta rubutu, wannan ba ta taɓa ba ni wahala ba. Akwai kuma ta gwajin aiki, wadda ake yi a wani babban zaure a Katsina da aka rarraba shi da labule. Bayan kowane labule akwai aikin da ke jiran ka: nan ka auna jini, can ka ɗaure rauni, gaba ka tambayi mara lafiya yadda ciwonsa ya faro. Wani wurin mutum-mutumin roba za ka tarar a kwance, wani wurin kuma mutum ne na gaske, yawanci dattawa da ake ɗaukowa su yi kamar ba su da lafiya. Mai ba da maki yana zaune a gefe, ba ya ce maka uffan. 'Yan mintuna ake ba ka, da an kaɗa ƙararrawa kuwa sai ka ajiye duk abin da ke hannunka ka yi gaba.

A zuwana na farko, da mutum-mutumin roba muka rabu lafiya, ko da yake shi ma sai da na yi masa sallama. Da na ɗaga labule na gaba sai na ga dattijo mai farin gemu a zaune. Wallahi ban san lokacin da ƙafafuna suka tuɓe takalmi ba, gwiwoyina kuma suka kai ƙasa. Na ce, "Baba, ina kwana?" Ya amsa. Na tambayi gajiya, ya ce babu. Yana jin harshena sai ya gyara zama, ya ce daga ina? Na ce Daudawa. Ashe mutumin Sheme ne, nan kusa da garinmu, aure ya kai 'yarsa Katsina ya biyo ta.

"Daudawa? Halan ka san wani dogo mai tumaki, wanda in ya kama hannunka sai ka yi ramuwar salla?"

Na ce ai mahaifina ne. Shi ke nan. Ya tambayi Baba, ya tambayi Inna, ya tambayi wani liman da ya rasu tun ina firamare. Muna kan maganar damina aka kaɗa ƙararrawa, abin awon jinin yana hannuna ko warware shi ban yi ba. Mai ba da makin, wata mata mai farin tabarau, ta ɗago kai a karon farko ta ce, "Malam, an gaisa lafiya?" Haka na yi ta yi a duk inda na tarar da mai rai.

A zuwa na biyu na ɗaura ɗamara tun daga Ƙanƙara, ina cikin mota ina maimaita wa kaina cewa yau ko kakana na tarar bayan labule ba zan gaishe shi ba. Na ɗaga labule na ga wata tsohuwa, na kau da kai, na kama hannunta zan ɗaura abin awo. Sai ta fizge hannun, ta dube ni sama da ƙasa.

"Yaro, a gidanku ba a gaisuwa ne?"

Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Ni, ɗan Baba, a ce gidanmu ba a gaisuwa! Nan take na zube, na ba ta haƙuri, na kawo gaisuwar da na hana ta, na ƙara mata da ta jiya da ta shekaranjiya. Ƙararrawa ta same mu a kan jikokinta. Daga nan jikina ya mutu, sauran wuraren ma ban yi abin kirki ba. Daga baya na ji cewa ai akwai maki na musamman a kan gaisuwa da gabatar da kai, sai dai gajeriya ake so. Wato na farko na yi mai yawa, na biyu na ƙi yi sannan na yi mai yawa.

Da sakamako na biyu ya fito, Hajiya ta kira ni ofishinta ta rufe ƙofa. Mace ce mai barkwanci, amma ranar ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ka san dai jarrabawar nan ba a zama na huɗu. Kuma an faɗa mana duk wanda ba shi da lasisi zai daina taɓa mara lafiya. In ka sake faɗuwa, sai dai teburin yankar kati, shi ma in an bar maka. Ni kuma ka san ba kowa ke yarda a turo shi garin nan ba." Na san gaskiya ta faɗa. Mu biyu ne a asibitin, in ta tafi taro Faskari ni kaɗai nake rage wa garin. Ta ce shawararta ɗaya ce, in nemi dattijo mai wuyar sha'ani in riƙa gwaji a kansa da agogo, har bakina ya saba.

Da na faɗa wa matata, 'yar Sabuwa ce mai bakin tsiya, ko tunani ba ta tsaya yi ba. Ta ce, "Dattijo mai wuyar sha'ani kake nema, kana da shi a gida? In ka iya da Baba, ai ka gama da mutanen Katsina."

Baba ya yarda da sauri, don a zatonsa hira za mu riƙa yi. Bayan la'asar sai in shimfiɗa masa tabarma a zaure ya zauna. Matata ce mai ƙararrawa, amma ba za ta iya zama a gaban surukinta ba, don haka sai ta laɓe a bayan bango ta cikin gida, da wayarta tana duba lokaci, da murfin tukunya da ludayin ƙarfe.

Na yi sallama na shiga. "Baba, ina wuni? Zan auna jininka."

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Baba, miƙo hannu."

"Hannun na nan, ba ya gudu. Ya iyalin?"

"Baba, gida ɗaya muke. Ɗazu ka gan su."

"Na gan su ɗazu, yanzu hwa? Ya aikin? Ya Hajiyar taku? Ƙahwar tata ta yi sauƙi?"

Ƙwal! Murfin tukunya ya yi ƙara daga bayan bango. Baba ya zabura, ya dubi bangon.

"Wa ke buga mani kwano ina magana?"

Ya san ko wace ce, amma ba zai faɗa ba, ita ma ba za ta amsa ba. Sai dai ka ji ana ƙunshe dariya a cikin mayafi. Haka muka yi ta yi kullum, ba mu taɓa kaiwa ga ɗaura abin awo ba kafin ludayi ya sauka. Matata kuwa aikin ya yi mata daɗi fiye da kima. Har ta kai in ina ba ta labari na ja shi da tsawo, sai in ga ta miƙa hannu tana laluben murfin.

Da na ga Baba ya fi ƙarfina, sai na koma gwaji a kan mutanen gari. In na haɗu da mutum sai in ce, "Sannu, ina kwana, a gaida gida," in wuce kafin ya buɗe baki. Ina jin abin yana ci mini rai, amma ina daurewa. Ban san magana ta fara zagaya gari ba, ana cewa Likita ya fara jin kansa. Abin ya fashe ne ranar da na wuce wani aminin Baba, wanda ya zo daga Faskari, ina kan babur na ɗaga masa hannu kawai. Bawan Allah bai zame ko'ina ba sai wurin Baba, ya tambaye shi ko wani abu ya shiga tsakaninsu ne da bai sani ba.

Da yamma Baba ya kira ni zaure. Bai zauna kan tabarmar gwaji ba.

"Wanga mutum shi ya riƙe ragon sunanka aka yanka. Shi za ka ɗaga ma hannu kamar mai korar ƙuda? In takardar ga sai ka wuce mutane kamar jaki za a ba ka ita, a bar ta. Gona na nan, ba ta tambayar lasin."

Ni ma raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, gaisuwar nan ita za ta raba ni da aikina. Sau biyu tana kayar da ni, kai kuma ko sau ɗaya ka ƙi bari in gama." Ban taɓa mayar masa da magana haka ba. Ya dube ni, ya ɗauki butarsa ya fita masallaci.

Daga ranar ya daina zuwa gwaji. Muna gaisawa da safe cikakkiyar gaisuwa, amma a bushe. Na koma yin gwajin da buhun masara, na jingina shi da bango na sa masa hula. Da buhu kam kullum ina gamawa kafin ludayi, matata ma ta ce in da buhuna ake ɗaukowa Katsina da tuni na zama babban likita. A gari kuma na koma gaisuwata ta da, har da ƙari, don in wanke sunan gidanmu. A raina na fara saba wa kaina da teburin kati.

Ana cikin haka wata safiya Hajiya ta tafi Faskari, ni kaɗai a asibiti, layi har waje. Baba ya rako wani maƙwabcinmu da ƙaya ta soke shi a gona, suka zauna a kan benci. Wanda ke gabana wani dattijo ne mai ciwon gwiwa, shi ma gwanin gaisuwa, na durƙusa muna ta yi. A bayansa akwai wata yarinyar mace da goyo, ɗan ya galabaita da zazzaɓi, kansa yana langaɓewa. Tana ta jijjiga shi tana kallon mu, kunya ta hana ta cewa komai. Na gan ta sarai, amma Baba yana zaune yana kallo, ban isa in katse dattijo ba.

Sai na ji an yi gyaran murya. Baba ne ya taso, ya dafa kafaɗar dattijon.

"Malam, taho nan mu gaisa ni da kai. Bar yaron ga shi duba jinjirin can."

Ya ja shi kan benci suka ɗora daga inda muka tsaya. Ranar har azahar, duk dattijon da ya shigo sai Baba ya tare shi a bakin ƙofa, ya sauke masa gaisuwa tun daga kwana har garke, kafin ya iso wurina ya ƙoshi, sai dai ya miƙo hannu kawai. Ban taɓa sallamar layi da wuri kamar ranar ba. Jinjirin ma, alhamdu lillahi, ya samu sauƙi.

Bayan la'asar na dawo gida na tarar an shimfiɗa tabarma a zaure, an ture buhun masara gefe, Baba yana zaune a wurinsa. Ya ɗaga murya yadda za a ji a bayan bango, ya ce, "A gaya ma mai kwano ta shirya."

Na fita na sake shigowa da sallama. "Baba, ina wuni?"

"Lahiya. Yi aikinka."

Ya miƙo hannu ya kau da kai. Ina ɗaura abin awo ina kallon leɓunansa suna motsi, tambayoyin suna zuwa yana haɗiye su ɗaya bayan ɗaya kamar mai shan magani mai ɗaci. Tausayinsa ya kama ni har na kusa cewa ya bari. Na auna, na faɗa masa sakamako, na naɗe kayan, na tsaya. Shiru. Can sai muka ji ƙwal, a hankali, kamar ita ma mai bugun ba ta yarda ba.

Baba ya sauke numfashi ya ce, "To ji nan. In ka tahi, kada ka hana kowa gaisuwarshi. Ka ba shi kanta, ka ce mashi saura na nan tahe in kun gama. Amma ka kai masu hwa. Kada ka sa ni kunya a Katsina."

Haka muka yi ta gwaji har ranar tafiya, kuma kullum in an buga murfi sai ya ce, "To kawo sauran," in durƙusa in ba shi cikakkiya.

A zuwana Katsina na uku, dattijon farko da na tarar wani siriri ne mai jar hula. Gwiwoyina suka fara lanƙwasa, na tsayar da su. Na ce, "Baba, ina kwana? Ni ma'aikacin lafiya ne, zan auna jininka in ka yarda. Sauran gaisuwa tana nan tafe in mun gama." Ya yi dariya ya ce, "Allah ya kawo ta," ya miƙo hannu. Haka na bi su duka, maza da mata, babu wanda ya ɓata rai, kuma babu inda ƙararrawa ta same ni da kaya a hannu. Da aka tashi, abokan jarrabawa suka ruga tasha, ni kuma na zagaya bayan zauren na tarar da dattawan a inuwa suna cin abinci. Na tuɓe takalmi na bi su ɗaya bayan ɗaya na sauke musu abin da na ce zan kawo. Kafin in gama, motocin da ke bi ta Ƙanƙara sun daina lodi, don ba mai son yamma ta yi masa a hanyar. Sai a gidan wani abokin karatuna na kwana.

Aka shiga jiran sakamako. Baba bai taɓa tambayata ba, ko sau ɗaya. In na kawo maganar sai ya ce komai na Allah ne, ya koma zancen taki. Na ɗauka abin bai dame shi ba sosai.

Ranar da aka ce ya fito, sabis ɗin waya a garinmu ba shi da ƙarfin buɗe shi a intanet, sai na hau babur na tafi Faskari, wani shagon kwamfuta. Da na ga sunana, na ga abin da ke gabansa, sai da na sa mai shagon ya sake karanta mini. A hanyar dawowa na shirya tsiyata. Na ce yau sai na rama, sai na yi wa Baba gaisuwar da bai taɓa ji ba kafin in faɗa masa komai.

Na same shi a ƙofar gida ƙarƙashin bishiyar bedi, shi da abokansa, har da aminin nan nasa da na ɗaga wa hannu. Na kafe babur a nesa, na tuɓe takalmi, na ɗaure fuska, na zo na durƙusa a gabansa.

"Baba, ina wuni?"

"Lahiya."

"Ina gajiya?"

"Babu."

"Yaya iyali? Yaya Inna ta wuni?"

"Lahiya lau." Idonsa yana kan aljihun rigata.

"Yaya gona? Yaya aka ji da ruwan jiya? Tunkiyar nan mai ɗingishi kuwa..."

"Kai! Bar gaisuwar ga! Ka ci ko ba ka ci ba?"

Amininsa ya saki baki, ya dubi sauran, ya ce tun suna yara suke tare, yau ce rana ta farko da ya ji wannan bawan Allah ya katse gaisuwa. Ni kuwa dariyar da na taho da ita sai ta maƙale, domin na ga Baba ya ƙura mini ido yana jiran amsa, ko ƙiftawa ba ya yi. Ban taɓa sanin tsoron faɗuwata yana cin sa haka ba, ya ɓoye shi a bayan zancen taki.

Na ce, "Na ci, Baba."

Ya juya kai wajen bango, ya daɗe yana gyara hular da ba ta karkace ba. Daga cikin gida sai ga ƙarar murfin tukunya, ƙwal, ƙwal, ƙwal, ba ƙaƙƙautawa, Inna kuma ta rangaɗa guɗa. Wannan karon bai tambayi wa ke buga masa kwano ba.

Da ya juyo idonsa ya yi ja. Ya kama hannuna da hannuwansa biyu, ya riƙe.

"To," ya ce, "ina wuni?"

Muka faro daga farko.